Iskar teku ta gama min da fulawa, me zan shuka?

Maman Biyu:
Slm yan uwa, dan Allah shawara nake nema don na gaji wlh. Mun koma wani gida kusa da teku, tsakaninmu da ruwa bai fi mita 200 ba, akwai wani bedi a gaban gidan tsawonsa kaman mita 6 faɗi mita ɗaya da rabi, rana na dukansa tun safe har la'asar ba inuwa ko kaɗan, ga iska kullum daga wajen ruwan take busowa musamman da rana. Na dasa ros guda huɗu, hibiskus uku, da ayaba ɗaya a kusurwa don kawai ina son ganyenta. Wata biyu kenan, ros ɗin sun zama tsinke, hibiskus bakin ganyensa duk ya ƙone kaman an kara masa wuta, ayabar kuwa ganyen ya yayyage kaman tsumma. Kuma fa ina ban ruwa safe da yamma. Me nake yi ba daidai ba? me zan shuka wanda zai rayu?

Anti Fulawa:
Wslm. Allah sarki ƙanwata sannu. Ayaba a bakin teku ba kariya hhhh ai ke kika kai ta mahauta da hannunki

Baba Mai Lambu:
Wa alaikumus salam. 'Yata kafin kowa ya fara jero miki sunayen fulawa ki amsa min tambaya uku. Ƙasar wajen yashi ce ko akwai laka? Ruwan da kike ban ruwa da shi na famfo ne ko na rijiya ko bohol? Sannan garin naku ana sanyi mai ƙanƙara ko zafi ne duk shekara?

Maman Biyu:
Baba yashi ne zalla fari tas, har da ɓaraguzan ɓawon katantanwa a ciki. Ruwan bohol ne. Zafi ne duk shekara ga gumi, ba ma ganin sanyi sai ɗan kaɗan

Baba Mai Lambu:
To madalla. Abin da ya ƙona miki ganye ba rana ba ce, gishiri ne. Duk sanda igiyar ruwa ta fashe a gaɓa tana watsa ɗigo ƙanana-ƙanana wanda ido ba ya gani, iska ta kwaso su ta zo ta shafa wa ganye, ruwan ya bushe gishirin ya zauna, shi kuma gishiri aikinsa zuƙe ruwa daga jikin ganye. Lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35 a ciki, ki lissafa abin da ke sauka a kan ganyen ros a wata biyu. Ki fita ki duba, za ki ga ɓangaren da ke fuskantar teku ya fi ƙonewa, ɗaya ɓangaren da sauran kore. Ki shafa yatsa a gilashin tagar da ke kallon ruwa ki ɗanɗana ma in kina so.

Maman Biyu:
Innalillahi wlh Baba haka ne, yanzu na leƙa, gefen teku ne ya ƙone, bayan kuma da ɗan sauran rai. Tagar ma kullum sai na goge wani fari-fari ashe gishiri ne

Injiniya:
Hajiya maganar gajeriya ce. Ki samu magini ya ja miki katanga ta bulo mita biyu ta gefen tekun, iska ta tsaya, gishiri ya tsaya, ki shuka abin da ranki ke so. Duk wani zaɓen shuka ɓata lokaci ne in ba a tare iskar ba

Malamar Tsirrai:
@Injiniya rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma shi ke kashe wa mutane lambu. Eh sai an rage iskar, amma katanga toshe ba ta tsayar da iska, tsallake ta take yi ta faɗo ta baya tana juyi kaman ƙaramar guguwa, kuma daidai inda take faɗowar nan ne bedin zai kasance. Abin da ake so shi ne shinge mai huji, wanda wajen rabinsa a buɗe yake, iska ta ratsa ta ciki ƙarfinta ya karye ta fito a hankali. Irin wannan yana kare fili mai nisan kusan ninki goma na tsayinsa, wato in tsayinsa mita ɗaya da rabi ne to har wajen mita 15 ana jin sauƙi, bedin Maman Biyu gaba ɗaya ya shige ciki da rara

Injiniya:
Malama ni fa gini na sani. Bayan katanga ta gidana ba na jin iska ko kaɗan

Malamar Tsirrai:
In ka jingina da ita eh. Matsa taku biyar gaba ka riƙe takarda ka gani ko za ta zauna maka. Kuma kai ne injiniya, ka fi ni sanin nauyin da iska ke ɗora wa bango toshe a kan yashi

Injiniya:
Wannan kam gsky ne, tushe a yashi sai an kashe kuɗi. To bulo mai huji fa, irin na ado?

Malamar Tsirrai:
Yauwa yanzu muka haɗu. Shi ya yi. Ko katako a jera ana barin tazara, ko gora, ko ragar nan kore da masu rainon dashe ke amfani da ita, a ɗaure ta da kyau a turaku

Ɗan Teku:
Ni shekarata 9 a gida irin wannan, nawa ma ya fi naki kusa da ruwa. Shawara ɗaya da ba wanda ya ba ni sai da na yi asara sosai: ki sa takalmi ki zaga unguwar da yamma, ki duba gidajen da ba kowa a ciki, kangaye, bakin hanya, maƙabarta in akwai, duk abin da kika ga yana kore yana fure ba wanda ke ba shi ruwa to shi ne naki. Gani ya kori ji. Masu sayar da fulawa wani abin da suke kawowa a inuwa aka raine shi cikin raga ana masa feshi sau uku a rana, yana sheƙi a leda, kina kai shi gida sati biyu ya mutu ki ce hannunki ne ba albarka, alhali ba hannunki ba ne

Anti Fulawa:
Wlh kaman da ni kake. Wani mai fulawa ya taɓa rantse min da cewa wai wata shuka mai faɗin ganye tana jure komai, kwana goma ba ta yi ba

Maman Biyu:
Toh naji zan zaga, amma ku ba ni sunaye mana ko in san me nake nema, ni ban san sunan komai ba sai ros

Malamar Tsirrai:
Kafin suna ki koyi karanta ganye, ya fi miki amfani don ko ba ki san sunan shuka ba za ki gane ta. Ganye mai kauri cike da ruwa, ko mai sheƙi da tauri kaman an shafa masa kaki, ko mai launin toka-toka da gashi-gashi a jiki, ko siriri kaman allura, duk waɗannan an halicce su ne don rana da iska, kakin da gashin su ke hana gishiri taɓa naman ganyen kuma suna rage fitar ruwa. Ganye babba, laushi, siriri kaman takarda irin na ayaba da gwanda, ki wuce shi ko kyauta ne. Kuma gajere ya fi dogo, mai lanƙwasawa ya fi mai tsayuwa ƙyam.

Sunaye kuma tunda wajenku zafi ne: alobera, agabe, yuka, kariya, fotulaka (mai ƙananan fure kala-kala da ke buɗewa in rana ta fito), gazaniya, binka wato Catharanthus roseus, da farin lili na bakin teku Hymenocallis. Na ba ki na Latin ɗin ne don ki bincika hotonsu, sunan kasuwa kowa da nasa. Binka ɗin nan da kike gani a raine daga Madagaska ta fito kuma daga jikinta ake ciro maganin kansar jini, amma ba a ci fa, ba a dafawa a sha, guba ce a haka

Sabon Shiga:
Ni a wani bidiyo na ga ance labanda da rozmeri sune sarakan bakin teku

Malamar Tsirrai:
Bakin wane teku? nan ne matsalar bidiyo. Su biyun 'yan yankin Bahar Rum ne, inda lokacin zafi busasshe ne ba gumi. Rozmeri sunansa ma daga Latin yake, ma'anarsa raɓar teku, kuma yana iya yi a wajen zafi in ruwa ba ya kwanciya a gindinsa. Labanda kuwa in zafi ya haɗu da gumi da ruwan sama mai yawa ruɓewa take daga ciki, yau tana lafiya jibi ta yi baƙi. Maman Biyu ta ce wajensu gumi, don haka rozmeri ta gwada guda biyu, labanda ta haƙura

Sabon Shiga:
Ikon Allah, ni da har na yi oda

Ɗan Teku:
Ka sa a tukunyar ƙasa ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba ya duka, wataƙila ta kai maka shekara

Injiniya:
Ni abin da ban gane ba, yashi fa ba abinci a ciki. Me zai hana a kwashe shi a kawo baƙar ƙasa tifa ɗaya a cika bedin?

Baba Mai Lambu:
Injiniya kai komai sai tifa da siminti. In ka haƙa rami a yashi ka cika da ƙasa mai nauyi, saiwar shukar za ta zauna cikin daɗin nan ta ƙi fita, ba za ta nutsa ƙasa neman ruwa ba, ranar da iska mai ƙarfi ta zo sai ta tumɓuke ta gaba ɗaya. Kuma ire-iren da Malama ta lissafa ai yashin suke so, agabe da kariya da alobera abin da ke kashe su shi ne jiƙa ba yunwa ba. Abin da fangalin nan ke buƙata ruɓaɓɓen taki ne wanda ya huce, a cakuɗa da yashin saman kaman zurfin taƙi ɗaya na hannu, don ya riƙa riƙe ruwa kaɗan. Ba ɗanye ba, ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake.

Anti Fulawa:
Baba ni a nan zan ɗan saɓa maka da girmamawa. Ni na ƙara ƙasa a nawa kuma ya yi kyau, don yashinmu in ka zuba bokiti guda kafin ka juya ya shanye, binka ma yaushi take. Inaga ya danganta da me mutum zai shuka

Baba Mai Lambu:
Ba ki saɓa min ba 'yar nan. Cakuɗawa kika yi ko cikawa?

Anti Fulawa:
Cakuɗawa gsky, kashi ɗaya ƙasa kashi biyu yashi haka

Baba Mai Lambu:
To ai magana ɗaya muke.

Maman Biyu:
Ni kuma da na ga suna ƙonewa sai na ƙara musu takin zamani, NPK, cike da hannu kowanne gindi 🙈

Malamar Tsirrai:
Kai Maman Biyu!! takin zamani shi ma gishiri ne a ilmance, shukar da gishiri ke sha wa ruwa ta sama kin ƙara mata wani ta ƙasa. Sannan ko ta rayu, taki mai yawa yana sa ta fito da sabon ganye laushi ɓul-ɓul wanda shi iska ta fi saurin ƙonawa. A irin wajen nan shukar da ta ɗan ji yunwa ta fi tauri. Wani abu kuma, tunda kin ce akwai ɓawon katantanwa, ɗebi yashin cokali ɗaya ki ɗiga masa binega, in ya yi kumfa to akwai sinadarin farar ƙasa da yawa, irin wannan ƙasar tana riƙe sinadarin ƙarfe ta hana shuka sha, sai ki ga sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa kore. Hibiskus da iksora da gadeniya suna yawan yin haka, shi ya sa ban sa su a lissafi ba

Maman Biyu:
Na gwada yanzun nan, ya yi kumfa har da ƙara shuuu

Ɗan Teku:
Kar a manta tambayar Baba ta bohol fa. Kusa da teku sau da yawa ruwan ƙasa zartsi ne, ruwan daɗi yana kwance ne a saman na gishiri, in ana ja da yawa musamman da rani na gishirin ya taso. Nawa haka ya yi min, da damina lafiya lau da rani sai shuka ta fara ƙonewa ina ta zargin iska. Akwai ɗan ƙaramin mita kaman biro da ake tsomawa a ruwa ya auna yawan gishirin da ke ciki, TDS ake ce masa, ki nemi shi

Malamar Tsirrai:
Eh, a ma'aunin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ruwan ban ruwa in mitan ya nuna ƙasa da 450 ba damuwa, daga nan zuwa 2000 sai da lura, sama da 2000 kuwa matsala ce babba. Na teku wajen 35,000 ne don ki ga tazarar. In naki ya yi sama ki tari ruwan sama a tanki ki riƙa haɗawa

Hajiya Babba:
Ina ta karantawa ban ce komai ba. Duk kun manta da oliyanda, ita ce uwar masu jure gishiri, ga fure ja da fari da ruwan hoda kusan duk shekara, ga ta da tsayi ta zama shingen da kanta, ba sai an sayi raga ba

Anti Fulawa:
Hajiya sunanta fa Maman Biyu. Yara gare ta

Hajiya Babba:
To sai me, mu ba mu yi renon yara ba? tana ƙofar gidana shekara da shekaru ba abin da ya samu kowa, ɗacinta ma ba yaron da zai iya taunawa

Malamar Tsirrai:
Hajiya Allah ya ƙara tsarewa, amma gsky sai an faɗa, oliyanda gaba ɗayanta guba ce, ganye, fure, ice, har hayaƙinta in an ƙona, zuciya take taɓawa, kuma dabbobi na mutuwa da ganye kaɗan ko busasshe ne. Kan jure gishiri ba wanda zai musa miki. Ni dai ba zan sa ta a bedin ƙofar gida inda yara ke wasa ba. Kuma don adalci kariya da na ambata ita ma nononta guba ne, agabe kuma ƙayar bakin ganyensa daidai idon yaro take, ko a datse ƙayar ko a kai shi can baya

Maman Biyu:
Shekararsu 3, komai suka gani baki. Hajiya ki yi haƙuri oliyanda sai sun girma. Kariya ma inaga tukunya zan sa ta a sama

Hajiya Babba:
Ba komai 'yata, ke kika san gidanki

Sabon Shiga:
Bishiyar nan mai kama da ta kirsimeti da ake jerawa a bakin ruwa fa? naga ita iska ba ta dame ta ba

Baba Mai Lambu:
Kasuwarina kenan. Tana jure gishiri ƙwarai kuma tana saurin girma, saiwarta ma na ƙara wa ƙasa taki kaman yadda wake ke yi. Amma a fangali mai faɗin mita ɗaya da rabi? tana kai mita 20 zuwa 30, alluranta in sun zuba suna rufe ƙasa ba abin da ke tsirowa a ƙarƙashi, saiwarta a sama-sama take tana shiga bututu, ga faɗuwa in an yi guguwa. A Fulorida ta Amurka ma an hana dasa ta saboda yadda ta mamaye gaɓa. Ta babban fili ce.

Ni da za a bi tawa, a layin gaba wajen teku a jera jema. Ciyawa ce, tsayinta mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, iska ta zo ta kwanta ta wuce ta miƙe, saiwarta kuma ƙasa take nutsawa miƙe har mita 3 ba ta yaɗuwa gefe ta ƙwace wa maƙwabta abinci, ga riƙe yashi. In bakin ganyen ya ƙone a aske ya sake fitowa. Ita za ta sha dukan a madadin sauran.

Ɗan Teku:
Baba ya gama magana. Ni lalle na sa a nawa layin na biyu, ana askewa ya yi duhu, shi ma ya yi ƙoƙari amma a bayan raga, ban gwada shi a gaba ba

Malamar Tsirrai:
Wani abin dariya, aguwa da mutane ke rainawa, Euphorbia balsamifera, ita ce cike da gaɓar tsibiran Kanari a kan duwatsu tana shan feshin teku. Tumfafiya ma gishiri bai dame ta. Sai dai duk masu nono ne, ga yara, to mun koma gidan jiya

Maman Biyu:
Bogenbiliya fa? ita nake mutuwar so wlh, in ba ros to ita

Anti Fulawa:
Tana yi, rana ce abincinta kuma ba ta son ruwa da yawa, in kin cika mata ruwa ganye za ta yi ta yi ba fure. Amma iska na kakkaɓe furen tas kuma ta farfasa dogayen rassan, ki sa ta jikin bangon gida ta ɗaya gefen da iska ba ta duka ki ɗaure ta. Saiwarta kuma ba ta son taɓi, in za ki dasa yanka ledar za ki yi a hankali kar ƙasar ta warware

Ɗan Teku:
Don rufe ƙasa akwai wata mai yaɗo da ke kwance a kan yashin gaɓa, ganyenta kaman kofaton akuya fure shuɗi-ja, 'yar uwar duman kada ce. Ba ta mutuwa

Malamar Tsirrai:
Ipomoea pes-caprae, sunan ma ƙafar akuya yake nufi. Ba ta mutuwa shi ne matsalar, reshe ɗaya na iya tafiya mita da yawa, bedi mai mita 6 wata biyu ta haɗiye shi da duk abin da ke ciki. Duk shukar da aka ce miki ba ta mutuwa ki tambaya to ya ake tsayar da ita. A Kalifoniya an kawo wata shuka mai rufe ƙasa, Carpobrotus, daga Afirka ta Kudu aka dasa a bakin titi da layin dogo don riƙe ƙasa, yanzu kuɗi ake kashewa ana tuge ta don ta kori tsirran asali, haka a gaɓar Bahar Rum. Rosa rugosa, ros ɗin da ya fi kowanne jure gishiri, daga gabashin Asiya aka kai shi Turai, ya mamaye tuddan yashi a Denmak. Lantana ma haka take a ƙasashe masu zafi da yawa ga ta guba ga shanu. Kafin ki sa wani baƙon abu ki duba ko ƙasarku ta hana shi

Maman Biyu:
Tsaya tsaya, akwai ros mai jure gishiri?? 😍

Malamar Tsirrai:
Hhhh duk bayanin nan abin da kika ji kenan. Akwai amma ɗan ƙasar sanyi ne, yana son hunturu ya yi barci, a wajenku wahala zai sha

Injiniya:
To ni tambayata ta ƙarshe, in za a saya ba gara a sayi manya ba a huta? ƙananan nan sai yaushe

Baba Mai Lambu:
A'a. Babban dashe kai gare shi babba saiwa kaɗan a leda, iska na kaɗa shi kullum saiwar da ta fara kamawa ta tsinke, zai yi shekara yana jinya. Ƙarami yana girma ne da iskar, jikinsa ya yi kauri daidai da ita, shekara biyu ya wuce babban. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In za a kafa turke a kafa gajere ta gefen da iska ke zuwa, a ɗaure ƙasa-ƙasa da tsumma ko robar taya, sako-sako, kan ya riƙa motsi, ba waya ba. Kuma a dasa a farkon damina da yamma, a matsa su kusa da juna su riƙa kare juna, ba ɗaya nan ɗaya can kaman sojan gadi ba.

Akwai wani lambu a arewa maso yammacin Sukotland, Inverewe, wani Osgood Mackenzie ya fara shi a 1862 a kan wani tsiron dutse da iskar Atlantika ke duka ba bishiya. Abin da ya fara yi bishiyoyin kare iska ya dasa ya jira sama da shekara goma kafin ya shiga dasa abin da yake so. Yau mutane daga ko'ina ke zuwa kallo. Ke wata shida kawai muke roƙo jema ta tashi.

Maman Biyu:
Shekara goma!! Baba ai da 'yan biyu sun shiga sakandare. Wata shida na ɗauka. Ban ruwan fa in ci gaba safe da yamma?

Ɗan Teku:
Satin farko biyu eh kullum, don yashi ba ya riƙe komai. Daga nan ki fara ja baya, ki ba su da yawa lokaci ɗaya ya nutsa sosai sannan ki bar kwana biyu uku, yayyafi kullum saiwa yake tarawa a sama kuma yana barin gishiri a saman ƙasa, ruwa mai yawa shi ke wanke shi ya tafi ƙasa. Kuma duk ranar da aka kwana ana iska mai ƙarfi ba ruwan sama, da sassafe ki ɗau tiyo ki wanke ganyen gaba da baya kafin rana ta yi zafi, wannan kaɗai ya cece min abubuwa da yawa. Saman ƙasar ki rufe da tsakuwa kaman kaurin yatsa uku, kar ki sa busasshiyar ciyawa ko dussar katako, ni na sa washegari na tarar da su a gidan maƙwabci har da sallama aka kawo min ƙara

Anti Fulawa:
🤣🤣 Ɗan Teku ka kashe ni

Injiniya:
Tunda an ƙi katangata bari in yi amfani a wani wajen. Ragar nan kar ki ɗaure da wayar ƙarfe ko ƙusa ta gama-gari, wata uku tsatsa ta cinye, igiyar nailan ko sukurun silba mara tsatsa. Turakun su shiga ƙasa aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu tunda yashi ne, tazara kar ta wuce mita biyu

Malamar Tsirrai:
Ka ga inda ake neman injiniya

Maman Biyu:
Slm, na dawo da rahoto bayan sati 7. An kafa raga yadda Injiniya ya ce, jema a gaba guda 30, bayanta yuka biyu da alobera, tsakiya binka da farin lili, bakin bedi fotulaka da gazaniya, ga tsakuwa. Na zaga unguwa kaman yadda Ɗan Teku ya ce, wlh binka ce a ko'ina har cikin tsagar siminti, wata tsohuwa ta ciro min kyauta. Mita ya nuna 900 don haka ina haɗawa da ruwan sama. Fotulaka ta haukace da fure. Rozmeri ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Gazaniya ce ban gane mata ba, gindin na yin baƙi-baƙi. Ros guda ɗaya da ya yi saura na mayar da shi tukunya bayan gida ya fito da ganye huɗu, kar wanda ya ce min komai

Baba Mai Lambu:
Ba mu ce komai ba. Gazaniyar ja tsakuwar baya daga wuyanta kuma ki daina ba ta ruwa tare da lili, turo hoton gindin mu gani.

Hajiya Babba:
Ayabar fa?

Maman Biyu:
Hajiya Allah ya ji ƙanta